Akwatin Wata: Yadda Malamanmu Suka Ƙirga Kwanaki da Haƙoran Ƙarfe

Duk wanda ya hau babur a garin nan na Yaoundé ya san in an tunkari tudu sai direba ya koma giya ta ɗaya. Kada a tsorata, ba giyar da aka haramta muke nufi ba, giyar inji ce: faifan ƙarfe mai haƙora a gefensa, wanda ke cizon ɗan'uwansa su juya tare. Tana cikin wasu kekunan ɗinki na telolin Briqueterie, tana cikin agogo.

Sirrinta lissafi ne. In faifai mai haƙora 10 yana tura mai haƙora 40, sai ƙaramin ya juya sau huɗu kafin babban ya juya sau ɗaya. Gudu ya ragu, ƙarfi ya ƙaru. Da wannan babur ke hawan tudu da kaya.

Wannan ilimi ya daɗe. A 1901 aka tsamo wata na'ura ta Girkawa daga teku kusa da tsibirin Antikitera, mai faya-fayai kamar 30, wadda ta haura shekara 2,000.

Malaman Musulunci sun ɗora a kai. Wajen shekara ta 1000 Miladiyya, Abu Raihan al-Biruni, wanda aka haifa a Khawarizm a 973, ya bayyana wata na'ura da ake kira akwatin wata, mai faya-fayai takwas. To ku duba hikimar: faifai mai haƙora 7 yana juyawa sau ɗaya a mako, wato haƙori ɗaya kowace rana. Shi ke tura wani mai haƙora 59. Me ya sa 59? Domin wata mai kwana 29 da mai kwana 30 in an haɗa su 59 ke nan. Juyi ɗaya, wata biyu. Akwatin kimantawa yake yi, ganin jinjirin wata kuwa yana nan ga ido.

A shekara ta 618 Hijira, wato wajen 1221, Muhammad ɗan Abi Bakar na Isfahan ya ƙera irin wannan da tagulla. Har yau tana nan a gidan tarihin kimiyya na Oxford a Ingila, tana nuna kwanan wata da cikarsa da raguwarsa. Kafin shi, a 1206, al-Jazari ya kammala littafinsa a Diyarbakir, ya zana injunan ɗaga ruwa masu haƙora, aikin da mu muke yi da jigo a lambu.

Saboda haka, ya ku ɗalibai, kada ku raina ɗan'uwanku da ke koyon kanikanci don rigarsa ta yi baƙin mai. Lissafin da kuke raba gado da shi, shi ne a cikin gidan giyar da yake kwancewa. Ranar da ba karatu, ku je garejinsa, ku roƙe shi ya bar ku ku ƙirga haƙoran. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.