Tahakiki a kan Sabubban Lalurar Lantarki a Motocin Italiya na Zamani

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin zargin rashin aminci da ake yi wa motocin Fiat da Alfa Romeo, ta auna shi da abin da ya tabbata na ƙirarsu daga 1997 zuwa 2023, sannan ta rinjayar da cewa galibin lalurar daga batir da wayoyi take tasowa, alhali ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutarta, ake ɗora wa laifi.

Muƙaddima

Sanannen abu ne wurin ma'abota ilmin usulu cewa hukunci tare da illarsa yake tafiya, in ta gushe ya gushe. Amma hukuncin da masu sayen mota a Ingila da Amurka suka yanke wa motocin Italiya ya wanzu shekaru masu yawa bayan gushewar illar da ta haife shi, wato tsatsar nan da ta cinye Alfasud, wadda aka ƙera kusa da Napoli, da Lancia Beta, wadda asirinta ya tonu a Ingila a 1980. Fiat ta janye daga Amurka a 1983, Alfa Romeo ta bi sahu a 1995, ko da suka komo kuwa sai suka tarar zargin na nan, ya tuɓe rigar tsatsa ya sa ta lantarki.

Zahirin lalura da baɗininta

Motar wannan zamani tana ɗauke da ƙananan kwamfutoci masu yawa, na inji da na giya da na birki da na sitiyari, waɗanda ke musayar saƙo ta wasu wayoyi biyu da aka murɗe tare, bisa tsarin CAN da kamfanin Bosch na Jamus ya bayyana a 1986. Saboda haka idan batir ya raunana, wuta ta faɗi a daidai lokacin tayar da inji, sai zance ya yanke a tsakaninsu, kowace ta rubuta cewa 'yar'uwarta ta ɓace, fitilun gargaɗi su cika allon gaban direba, shi kuwa ya ɗauka motar gaba ɗaya ta lalace. An sha ganin haka a Alfa Romeo Giulia, wadda aka ƙaddamar a 2015 ake kuma haɗawa a Cassino, musamman wadda ta daɗe a ajiye ba a hawa. Abin lura a nan shi ne, birkinta mai aiki da lantarki na Continental ne, giyarta ta atomatik kuma ta ZF ce, dukkansu Jamusawa, don haka jingina aibin ga al'umma guda ƙiyasi ne mai rauni.

Fiat 500 ta 2007, wadda ma a Tychy ta ƙasar Poland aka ƙera ta, hujja ce mafi bayyana. Damin wayoyin da ke ratsawa daga rufi zuwa ƙofar baya yakan lanƙwashe duk sa'ad da aka buɗe but, har rigar wayoyin ta tsage su taɓa juna, daga nan maɓallin but ko abin share gilashin baya ya daina aiki. Haka kuma na'urar Blue&Me, wadda Fiat ta fitar tare da Microsoft a 2006 domin haɗa wayar hannu da mota, idan ta samu matsala takan hana sauran na'urori barci, ta zuƙe batir cikin dare, lambobin kilomita su riƙa ƙyaftawa.

Inda zargin ya tabbata

Adalci bai yarda a wanke maƙeran baki ɗaya ba. Giyar Selespeed, wadda Magneti Marelli ya ƙera aka sa wa Alfa 156 a 1999, ta wahalar da masu ita ƙwarai, domin famfonta da tulun da ke riƙe matsin mai sukan gaji, mota ta ƙi shiga giya. Sitiyarin lantarki na Fiat Punto ta 1999 kuwa, na'urar da ke jin ƙarfin hannun direba takan lalace, ya yi nauyi ana tsakiyar tafiya. A ganina sababin wannan gaggawa ce wajen kai sabuwar fasaha kasuwa kafin ta nuna, gama ƙwarewa ba ta yi musu ƙaranci ba: a ɗakunan binciken Fiat aka raya tsarin common rail na injin dizal kafin a miƙa shi ga Bosch, Alfa 156 ce kuma ta fara fita da shi a 1997.

Mas'alar ma'auni

Ƙididdigar kamfanin J.D. Power tana lissafa ƙorafi a kan kowace mota 100, tana kuma daidaita allon da ya yi jinkirin kunnuwa da injin da ya mutu a hanya, wanda haka ke sa a yi hattara da ita ko da ta yabi abin da mutum ke so. A 2023 ta sa Alfa Romeo a kan gaba cikin motocin alfarma, amma kwana 90 na farkon mallaka kawai ta auna. Ina roƙon masu bincike su rarrabe ƙorafi gwargwadon sababinsa, ina kuma roƙon kanikawan wayarin kada su yanke wa ƙwaƙwalwar mota hukunci sai sun gwada batir da wayar da ke haɗa shi da gangar jikin motar.