Hukuncin Sayen Abincin Shekara Da Kaka Don Rage Kuɗin Cefane

Tambaya:

Ni magidanci ne a Gurbin Bore, ƙaramar hukumar Zurmi. Awon kullum a tiya yana cinye mini kuɗi. Ina so in sayi gero da dawa da wake na shekara da kaka in ajiye, sai wani ya ce mini wannan ɓoye abinci ne, haramun ne. Mene ne gaskiyar magana?

Amsa:

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Na farko: abin da kake nufin yi halal ne, tattali ne abin yabo. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Umar, Allah Ya yarda da shi, cewa Annabi (SAW) yakan ware wa iyalansa abincin shekara guda daga dukiyar Banu Nadir. A Suratu Yusuf, aya ta 47, Annabi Yusuf (AS) ya umarci mutanen Masar su bar hatsi a zangarniyarsa don shekarun fari, kamar yadda ake jera damman gero a rumbu. Tanadi bai saɓa wa tawakkali ba.

Na biyu: ɓoyon da aka haramta shi ne ihtikari, wanda hadisin Ma'amar ɗan Abdullahi a Sahihu Muslim ya siffanta mai yin sa da mai saɓo. Imamu Nawawi ya bayyana shi da cewa mutum ya saye abinci lokacin tsada don kasuwanci, ya riƙe har farashi ya ƙara hawa. Wanda ya saya da araha don cin gidansa bai shiga ciki ba. Sai dai malamai sun ce idan abinci ya yi ƙaranci a gari, kada ka kwashe na shekara ka ƙuntata wa jama'a. Sayi na kwanaki ko na wata. Ka tuna da wannan duk lokacin da hanyoyi suka toshe ko kasuwa ta daina ci, kamar a 2021 da gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako saboda rashin tsaro.

Na uku: ga hanyoyin sauƙi da shari'a ta yarda da su.

1. Haɗa kuɗi. Idan buhu ya fi ƙarfinka, ku haɗu da maƙwabta ku saya ku raba da awo ɗaya, kamar yadda ake watandar nama. Mutum ɗaya amintacce ya je kasuwar Shinkafi ranar Alhamis ko Ƙaura Namoda, ku raba kuɗin mota, wanda ya ƙaru tun cire tallafin mai a 2023. Amma kada neman araha ya sa ka bi hanyar da ka san akwai haɗari. Rai ya fi dukiya.

2. Tayi. Neman ragi halal ne, amma kada ka kushe kaya da ƙarya, kada kuma ka shiga cinikin ɗan'uwanka kafin ya ƙare.

3. Biyan manomi tun kafin girbi. Wannan shi ne salam. Sharaɗinsa ka biya kuɗin duka nan take, a san nau'in hatsin, da yawan awo, da lokacin karɓa.

Ka nisanci tare masu kawo hatsi daga ƙauye a hanya tun ba su san farashin kasuwa ba, domin hani ya tabbata a kan haka.

Na huɗu: kada tattali ya koma rowa. Ciyar da iyali wajibi ne gwargwadon hali, kamar yadda aya ta 7 ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta nuna, kuma aya ta 67 ta Suratul Furƙan ta yabi masu tsayawa tsakanin almubazzaranci da ƙwauro. Ku zauna da uwargida ku ƙiyasta abin da gida ke ci a mako, a dafa daidai bakin mutane, a busar da wake sosai, a rufe shi yadda iska ba ta shiga don kada ƙwari su ci. Idan maƙwabcinka ya kwana da yunwa, to rumbunka yana da haƙƙinsa a ciki.

Allah ne Mafi sani.