Gumbar sadaka da burodin matattu

A Tsafe ko Bungudu, in an yi rasuwa, ranar uku a wasu gidajen za ka ji ƙarar turmi tun da sassafe. Gero ne aka jiƙa, mata na daka shi, a sa sukari, a dunƙula. Gumba ke nan, ba ruwanta da wuta. Waina kuwa sai ƙullu ya kwana, ƙananan halittun da ido ba ya gani su ci sitacin, su fitar da iskar da ke kumbura shi, su ba shi ɗan tsami.

Irin wannan kumburin ne ke tayar da burodin matattu na Meziko, wanda ake gasawa don bikin 1 da 2 ga Nuwamba. Alkamarsa Sifaniyawa suka kai can bayan sun ci ƙasar a 1521. Ana yi masa ado da siffar ƙasusuwa, a ajiye shi gaban hoton mamacin. A nan muka rabu da su: tamu sadakar bakin masu rai take shiga, maƙwabta da almajirai, lada ake fatan ta isa kabari.

Ita ma ba ta tsira daga gardama ba. Tun da aka kafa Izala a Jos a 1978, bisa koyarwar Sheikh Abubakar Gumi, ɗan Gummi ta Zamfara, ake kiran sadakar uku, bakwai da arba'in bidi'a. Yau a Gusau sai ka tarar da gida ɗaya ya rabu: tsohuwa ta jiƙa gero, ɗanta ya ce addu'a ta isa.