Sawakin: tsohuwar tashar mahajjata da ke bakin Bahar Maliya

Sawakin tsohon gari ne a gaɓar Bahar Maliya, kimanin kilomita 60 kudu da Fot Sudan. Hausawan Gadarif da yawa sun san shi ne a matsayin wurin da ake hawa jirgin ruwa zuwa Jidda, sai su bi ta cikinsa ba tare da sun leƙa tsibirin da asalin garin yake ba. Alhali kuwa nan ne ƙasar Afirka ta ƙarshe da ɗimbin kakanninsu suka taka kafin su tsallaka zuwa Makka.

Marubutan Larabawa sun ambaci Sawakin tun ƙarni na 10. Turkawan Usmaniyya sun mallake shi a ƙarni na 16, sannan ya koma hannun Masar a 1865. A shekarun 1880 Usman Digna, kwamandan Mahadi a gabas, ya sha kai wa garin hari, kuma ƙofar Kitchener da aka gina a 1886 tana cikin abin da ya rage na wannan zamani. Ba yaƙi ne ya kashe Sawakin ba. Mashigarsa ƙunci gare ta, cike da duwatsun murjani, manyan jiragen zamani ba sa iya shiga. Sai Turawan Ingila suka fara gina Fot Sudan a 1905, attajirai suka kwashe kayansu suka koma can.

Mahajjata dai ba su daina zuwa ba. Bayan yaƙin Burmi na 1903 mutanen ƙasar Hausa sun yi ta kwarara gabas a ƙafa, wasu suka tsaya a Mai Wurno, wasu a Jazira, wasu a gonakin dawa da riɗi na Gadarif, suna ƙwadago shekara da shekaru don tara guzuri. Wanda ya samu ya cika kuɗinsa, Sawakin yake nufa, a tsare shi a killace don binciken lafiya, sannan ya hau jirgi. Waɗanda guzurin bai cika musu ba, zuriyarsu na cikin mazauna unguwannin Hausawa na gabashin Sudan a yau.

Abin kallo a tsibirin shi ne ginin. An yi gidajen da tubalan murjani da ake sarowa daga teku, hawa biyu zuwa uku, aka shafe su da farar ƙasa. Tagoginsu na katako ne da aka sassaƙa, suna turowa waje daga bango. Roshan ake ce musu, irin na tsohuwar Jidda, iska na shiga amma mai wucewa ba ya ganin na ciki. A saman ƙofofi da bangon ɗakuna akwai zane da aka kwarzana a jikin shafen, wanda duk ya san gidajen Birni a Damagaram ko na cikin Zariya zai ji kamar ya taɓa ganinsa. Matsalarsu ma iri ɗaya ce da ta ginin laka: murjani na shan ruwa da gishiri, in ba a sabunta shafe ba sai ya rugurguje, itacen da ke riƙe da shi ya ruɓe. Da masu gidajen suka tashi, babu mai yi musu yaɓe. Jean-Pierre Greenlaw ya zana su dalla-dalla a littafinsa da ya fito a 1976, kuma mafi yawan abin da ya zana yanzu tarin duwatsu ne. Waɗanda ke tsaye da kyau su ne masallacin Hanafi da na Shafi'i, waɗanda hukumar TIKA ta Turkiyya ta gyara. Shugaba Erdogan ya ziyarci tsibirin a Disambar 2017. Garin na cikin jerin wucin gadi na UNESCO tun 1994, bai kai ga cikakken matsayi ba.

Ta fuskar abinci, ƙasar Beja ce. Sanannen abincinsu salat, naman rago da ake gasawa a kan duwatsun da aka shimfiɗa bisa garwashi, mai ya tsiyaye, naman bai taɓa wuta ba. Bayansa sai jabana, gahawa mai citta da ake soyawa a daka a gabanka, a tafasa a ƙaramin tulun yumɓu. Kifin da aka kamo da safe ana soya shi a bakin ruwa. Agashe kuwa, tsiren da Hausawa suka shigar Sudan, baƙon Gadarif ya baro wanda ya fi a gida.

Daga Gadarif tafiyar ta haura kilomita 700, ta Khashm al-Girba, Kassala, Haiya da Sinkat, sannan a gangaro daga duwatsu zuwa gaɓa. Tsakanin Nuwamba da Fabrairu ya fi sauƙi, domin a watannin Yuni zuwa Agusta zafi na wuce maki 40. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 shingayen bincike sun yawaita a hanyar, don haka matafiyi ya riƙe takardun shaidarsa a jika, ya kuma nemi izini kafin ya ɗauki hoto kusa da tashar jiragen ruwa.