Alamar da Ido Ke Gani, Kunne Ba Ya Ji: Tarihin Mallaka a Turanci

A birnin Landan akwai tashoshin jirgin ƙasa biyu da ke maƙwabtaka a kan layi ɗaya. Ana rubuta sunan ta farko *Earl's Court*, da ɗan waƙafi a sama kafin harafin s, ta biyu kuwa *Barons Court*, babu komai. Wannan ɗan waƙafin sama shi ne alamar mallaka a rubutun Turanci, kuma a kansa ake yanke wa ma'aikaci hukunci a takardar neman aiki ko rahoton ofis. Sai dai tarihi ya nuna cewa masu harshen kansu sun shafe ƙarnuka ba su daidaita a kansa ba.

A tsohon Turanci, kafin mamayar Normawa ta shekarar 1066, suna yana sauya ƙarshensa gwargwadon aikinsa a jimla. Sarki shi ne *cyning*, abin da yake na sarki kuwa sai a ce *cyninges*. Wasu sunayen, musamman na jinsin mace, suna da nasu ɗafa-ƙeyar daban. Bayan mamayar, yawancin waɗannan ƙarshe suka zube, sai *-es* ta mamaye kusan kowane suna. A zamanin mawaƙi Chaucer, ƙarshen ƙarni na 14, haka ake rubuta ta ba tare da wata alama ba. Daga baya wasalin ya ɓace a baki, aka bar s kaɗai, wadda kuma ita ce alamar jam'i. Nan aka samo tushen rikicin.

Alamar kanta daga Faransa ta shigo Turanci. Maɗabi'i Geoffroy Tory na cikin waɗanda suka yaɗa ta wajen shekarar 1529, domin nuna gurbin harafin da aka shafe. Turawan Ingila suka aro ta a wannan ƙarni don wannan aiki, ba don mallaka ba. Ko a kundin wasannin Shakespeare da aka buga a 1623, yawancin sunayen mallaka ba su ɗauke da ita.

A wannan zamani ne wata fahimta ta bazu, cewa s ɗin mallaka gutsuren wakilin suna ne, wato *his*. Saboda haka marubuta suka riƙa rubuta kalmar cikakkiya, kamar yadda Ben Jonson ya sa wa wasansa na 1603 suna *Sejanus His Fall*. Joseph Addison ma ya riƙi wannan ra'ayi a 1711. Amma ra'ayin bai da ƙafa, domin bai bayyana dalilin da ya sa mace ma take ɗaukar s ɗin ba. Duk da haka ya taimaka wajen ƙarfafa tunanin cewa akwai abin da aka shafe, wanda ya cancanci alama.

A ƙarni na 18 maɗaba'u suka tsayar da alamar ga tilo. Dokar sanya ta bayan s ɗin jam'i kuwa ba ta zauna ba sai a ƙarni na 19. Hatta *its*, wadda a yau ake ja wa ɗalibi jan biro idan ya sa mata alama, Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, da alamar yake rubuta ta.

Doka ba ta gama zama ba aka fara warware ta. Hukumar sunayen wurare ta Amurka, wadda aka kafa a 1890, ta cire alamar daga kusan dukkan sunaye; tsibirin *Martha's Vineyard* na cikin ƙalilan da aka keɓe. A 2009 majalisar birnin Birmingham ta yanke shawarar daina sa ta a allunan tituna, a 2012 kuma kantin littattafai na Waterstones ya cire ta daga sunansa. Ƙungiyar da John Richards ya kafa a 2001 don kare alamar, shi da kansa ya sanar da rufe ta a 2019.

Bahaushe yana jin mallaka a kunnensa: gidan sarki, motar sarki. Alhamzar da ke cikin «sa'a» ma sauti ce da ake furtawa. A Turanci kuwa *boys*, *boy's* da *boys'* furucinsu ɗaya ne, ma'anarsu uku. Don haka wanda ya yi tuntuɓe a nan ba harshen ne ya gagare shi ba. Yarjejeniyar maɗaba'a ce da ake koyo da ido. Sanin haka ba ya ɗauke wa marubuci nauyin kiyaye ta, tunda da ita ake auna shi. Tambaya ɗaya ke raba gardama kafin a ɗora biro: mai abin ɗaya ne, ko suna da yawa?