Yawan Tsotson Zaƙi da Ruɓewar Haƙora a Tsakanin Matasan Karkara a Ƙasar Hausa

Tsakure

Maƙalar ta yi bitar abubuwan da ke jawo ruɓewar haƙora ga matasa 'yan shekara 12 zuwa 19. Hujjarta ita ce cimar matasan ƙauye ta sauya, amma kariyar da haƙoransu ke samu tana nan inda take.

Gabatarwa

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa mutum kusan biliyan 2 ne ke fama da ruɓewar haƙoran girma ba tare da magani ba. Shekarun balaga na da haɗari na musamman, domin turamen haƙori na biyu kan fito ne wajen shekara 12, kuma kwarin da ke samansu yana riƙe abinci inda asuwaki ba ya kaiwa da kyau.

Sukari da Lokacin Shansa

Ƙwayoyin cutar da ke zaune a dattin haƙori, musamman Streptococcus mutans, suna mayar da sukari sinadari mai tsami. Idan ma'aunin pH ya sauka ƙasa da 5.5, ɓawon haƙori ya fara zaizayewa, kuma miyau kan buƙaci minti 30 zuwa 60 kafin ya daidaita bakin. Binciken Vipeholm da aka yi a Sweden tsakanin 1945 da 1953, wanda ake Allah wadai da shi a yau saboda an yi shi ne a kan masu taɓin hankali ba da yardarsu ba, ya nuna cewa zaƙi mai danƙo da ake ci tsakanin abinci da abinci ya fi ɓarna.

A nan ne ya kamata mai bincike ya tsaya. Yarinya mai talla kan sayi alewar madara da safe, ta tsotsi hanjin ligidi da hantsi, ta sha zoɓo mai sukari da azahar. Saurayi kuwa ya ƙare dare a teburin mai shayi, ya kwanta bai wanke baki ba, alhali miyau na raguwa a lokacin barci. Ko da jimillar sukarin ba ta kai giram 50 a rana ba, wato kimanin iyakar da Hukumar ta shata a 2015, bakin ya wuni cikin tsami. Tambayar "sau nawa?" ta fi "nawa?" amfani a takardar tambayoyin bincike.

Asuwaki da Fuloraid

Asuwaki yana kankare datti sosai, kuma addini ya riga ya dasa shi a zukata, don haka kuskure ne a raina shi. Sai dai ba ya maye gurbin man goge baki mai fuloraid 1,000 zuwa 1,500 ppm. Akwai kuma yankuna irin su Langtang a jihar Filato da Tibiri a jihar Maraɗi inda fuloraid ya yi yawa a ruwan sha har ya ɓata haƙora, saboda haka a auna ruwan gari kafin a ba da shawara.

Jinkirin Neman Magani

Imani da "tsutsar haƙori" kan tura matashi wurin mai cire ta a kasuwa, ko ya cusa kanumfari a kogon haƙorin. Wasu har ruwan batir suke ɗigawa, ya ƙone dasashi. Kafin a isa asibitin birni, cire haƙorin kaɗai ya rage. Alhali dabarar cike haƙori ta ART, wadda aka ɓullo da ita a Tanzaniya a shekarun 1980, ba ta buƙatar lantarki ko injin huda haƙori, kuma ana iya yin ta a ajin makaranta.