Daga Turke Zuwa Birni: Dawaki da Masaukansu a Farkon Tarihin Musulunci



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwana matasa, makon da ya wuce muna karatun Suratul Anfal da ɗalibaina na babban aji, sai muka iso aya ta 60, inda aka umarci muminai da tanadin ƙarfi da kuma ɗaurarrun dawaki. Da na ambaci kalmar ribaɗi, wani yaro ya ɗaga hannu ya ce: "Malam, ashe ribaɗi ba gari ba ne? Kakana ya ce Wurno ribaɗi ce." Na ce masa kakansa ya yi gaskiya, amma kalmar ta girmi garin. Asalinta a Larabci daga ɗaurewa ne. Kafin ribaɗi ya zama ganuwa da hasumiya, igiya ce da turke da doki a tsaye yana jiran kira. Tambayar yaron nan ce ta sa na koma littattafan tarihi, na ga cewa wasu daga cikin manyan biranen Musulunci sun faro ne daga bukkokin da ake kwancewa a ɗaure dami, kuma an tsara su ne gwargwadon bukatar doki kafin jin daɗin mahayinsa.

Wahalar riƙon doki

Raƙumi yana kwanaki bai sha ruwa ba, yana kuma cin ƙaya. Doki ba ya jure haka. A rana ɗaya yakan sha lita 25 zuwa 40, wato jarka guda ko fiye, ga sha'ir da ciyawa, ga bukatar inuwa idan rana ta take. Shi ya sa Larabawa kan hau raƙuma a doguwar tafiya suna jan dawakinsu a gefe, ba su hawa sai an tunkari abokan gaba. Duk inda rundunar ta yada zango, aikin farko shi ne neman ruwa, kafa turaku da sanya dabaibayi.

A yaƙin Badar, cikin Ramadan na shekara ta 2 bayan Hijira (624), Musulmi sun kai ɗari uku da 'yan kai, da raƙuma kimanin 70, amma dawakinsu biyu ne kacal a mashahuriyar ruwaya: na Zubairu ɗan Awwam da na Miƙdad ɗan Aswad (RA). A wannan filin ne Sa'adu ɗan Mu'azu (RA) ya ba da shawarar a yi wa Manzon Allah (SAW) rumfa, a ajiye abin hawa a shirye kusa da ita. Rumfar ganyen dabino ce, an yi ta don bukatar yini guda. Shekara bakwai bayan nan, a tafiyar Tabuka (630), marubuta tarihin yaƙoƙi sun ce dawakin rundunar sun kai 10,000. Tsakanin doki biyu da dubu goma akwai wani aiki da ba a cika ba da labarinsa ba, wato aikin kiwo da tanadin masauki.

Barga marar rufi

Babbar bargar Madina a zamanin Annabi (SAW) ba gini ba ce. Fili ne mai suna Naƙi'i, kudu da Madina, wanda aka keɓe don dawakin Musulmi su yi kiwo. Irin wannan keɓaɓɓen fili shi ake kira hima. A jahiliyya mai ƙarfi ne ke keɓe makiyaya don dabbobin kansa. Musulunci ya hana wannan, ya bar keɓewa don maslahar jama'a kaɗai.

Sayyidina Umar (RA) ya ƙara da Sharaf da Rabaza. Imam Malik da Imam Buhari sun kawo wasiyyar da ya yi wa baransa Hunayyu lokacin da ya ɗora shi a kan hima. Ya umarce shi da ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan su shiga, amma ya hana garken Abdurrahman ɗan Aufu da na Usmanu ɗan Affan. Dalilinsa shi ne waɗannan biyun in dabbobinsu sun mutu suna da gonaki da dabino da za su koma wa, shi kuwa talaka in nasa sun mutu, wurin halifa zai zo da 'ya'yansa yana kuka. Ya kuma rantse cewa ba don dabbobin da ake ɗora mayaƙa a kansu ba, da bai keɓe ko taƙi guda na ƙasar mutane ba. Ka lura, ya ɗan'uwa, manyan sahabbai biyu daga cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna aka hana, aka buɗe wa talaka.

Basara da Kufa: biranen kara

Da runduna ta isa kudancin Iraƙi, Utba ɗan Gazwan (RA) ya kafa sansani a inda Basara ta tsaya, tsakanin 635 da 638. Balazuri ya faɗa a Futuhul Buldan cewa da karan fadama aka yi gidajen, har da masallacin. Idan za a fita yaƙi sai a tumɓuke karan, a ɗaure shi dami-dami a ajiye, in an dawo a sake kafawa. Birnin da daga baya ya fitar da Hasanul Basari da Halilu ɗan Ahmad da Sibawaihi, da farko gari ne da ake naɗewa kamar tabarma.

Mawardi ya bayyana yadda aka yanka filayen Basara a littafinsa Al-Ahkamus Sulɗaniyya. Babban titi, wanda shi ne Mirbad, kamu 60 ne faɗinsa, sauran tituna kamu 20, lunguna kamu 7. A tsakiyar unguwar kowace ƙabila an bar fili mai faɗi don abubuwa biyu: turakun dawaki da kaburburan mamata. Shi kansa Mirbad ma'anarsa wurin tsare raƙuma, kuma nan ne ya zama dandalin da mawaƙa irin su Jarir da Farazdaƙ suka riƙa karawa.

Kufa kuwa an kafa ta a shekara ta 17 (638). Bayan cin Mada'in, babban birnin Farisa, Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas (RA) ya zaunar da runduna a can, amma iskar wurin ba ta karɓe su ba, suka rame, launinsu ya canja. Umar ya rubuto cewa Larabawa ba su lafiya sai a ƙasar da ta dace da raƙumansu, ya sa Salmanul Farisi da Huzaifa ɗan Yaman (RA) su nemo wuri a bakin sahara wanda babu kogi ko gada tsakaninsa da Madina. Nan ma da kara aka fara, sai da gobara ta cinye gidaje masu yawa kana aka nemi izinin yin gini da tubali. Umar ya yarda da sharaɗin kada kowa ya wuce ɗaki uku, kuma kada a yi gasar tsawon gini. Tsoronsa shi ne mayaƙin da ya saba da naɗe gidansa cikin sa'a guda ya zama mai nauyin tashi.

Ɗabari ya kawo cewa Umar ya ajiye dawaki na ko-ta-kwana a kowane babban sansani daga rarar dukiyar baitulmali, kuma na Kufa sun kai 4,000. Suna da masauki biyu: da hunturu ana tsare su kusa da gidan gwamna, a wurin da aka riƙa kira Al-Ari, wato maɗaurin dabbobi, da bazarar ƙasar kuma a kai su kiwo tsakanin kogin Furatu da gidajen gari. Mai kula da su shi ne Salmanu ɗan Rabi'a Albahili, wanda saboda sanin doki aka yi masa laƙabi da Salmanun dawaki. Yi lissafi da kanka: doki 4,000, kowane lita 30, ruwa lita 120,000 ke nan kullum, ba famfo ba inji. Amfanin wannan wahala ya bayyana a shekarar da Rumawa suka tsare Abu Ubaida (RA) a Himsa. A ruwayar Ɗabari, ranar da wasiƙar halifa ta iso Kufa, a ranar Ƙa'aƙa'u ɗan Amru ya fita da mahaya 4,000. Da a ranar ne za a fara neman dawaki da sirada, da ba a fita ba.

Fusɗaɗ: birnin da ya ci sunan tanti

A Masar, Amru ɗan As (RA) ya so ya zauna a Iskandariyya bayan cin ta, Umar ya ƙi saboda ruwan Nilu zai shiga tsakaninsa da rundunar. Sai aka koma inda aka yi sansani kusa da ganuwar Babiliyon, aka kafa Fusɗaɗ wajen shekarar 641. Ɗaya daga ma'anonin kalmar shi ne babban tanti. Masu tarihi suna ba da labarin cewa lokacin da Amru zai tashi zuwa Iskandariyya ya tarar kurciya ta yi sheƙa a kan tantinsa, sai ya hana a kwance shi, da aka dawo aka yi gari kewaye da shi. Masallacin Amru yana nan har yau a tsohuwar Alƙahira.

A Fusɗaɗ dawaki ba su shekara a turke ɗaya. Ibn Abdil Hakam, a Futuhu Misra, ya bayyana yadda kowace shekara, bayan ruwan Nilu ya janye ciyawa ta yi kore, ake sallamar ƙabilu zuwa ƙauyuka da dawakinsu, kowace da yankinta. Sukan yi watanni a can cikin tantuna, sai zafi ya shigo, ciyawa ta bushe, ƙudaje sun yi yawa, su dawo. Ya kawo huɗubar da Amru kan yi kafin fitar, inda yake yi musu wasiyya da kyautata wa Kibɗawan da za su sauka a cikinsu, yake kuma gargaɗin kada ya ga mutum ya dawo ya yi ƙiba dokinsa ya rame. Ya sanar da su cewa zai duba dawaki kamar yadda yake duba mazaje, kuma duk wanda dokinsa ya rame ba da ciwo ba, za a rage masa rabonsa na baitulmali gwargwadon haka.

Yadda turke ya zama ganuwa

Da iyakokin daula suka tsaya, ribaɗi ya koma gini na dutse. A gaɓar tekun Tunisiya akwai na Munastir, wanda Harsama ɗan A'ayan ya gina a 796, da na Susa, wanda hasumiyarsa ke ɗauke da tarihin 821, zamanin Aglabawa. Daga wannan asalin kalma sunan Murabiɗun ya fito, haka ma Rabat, babban birnin Maroko, wanda Muwahhidun suka kira Ribaɗul Fathi a ƙarni na 12.

Ta haka kalmar ta iso gare mu. A yaƙin Tabkin Kwatto na 1804, jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo dawakinsu kimanin 20 ne, suna fuskantar barade masu lifidi na Gobir. Muhammadu Bello ya ga wannan ƙaranci da idonsa. Shi ya kafa Sakkwato a 1809, kuma da ya zama Sarkin Musulmi ya jera ribaɗai a kan iyakoki, ya kwaɗaitar da makiyaya su zauna cikinsu su riƙa kiwon dawaki. Shi da kansa ya tare a Wurno, a can ya rasu a 1837, a can kabarinsa yake. Kakan ɗalibina bai yi kuskure ba.

Abin da ya rage mana

Mu kan haddace sunayen yaƙoƙi da na kwamandoji, amma da wuya ka ji matashi ya san Hunayyu ko Salmanu ɗan Rabi'a. Alhali ba don mai tsaron makiyaya da mai ɗebo ruwa da mai yankan ciyawa ba, da babu mahayin da zai fita. Mutanen nan sun taƙaita wa kansu gini, ɗaki uku ko bukkar kara, amma ba su taƙaita wa dabbar da ke hannunsu ruwa da inuwa ba.

Yau doki a garuruwanmu na hawan Sallah ne da kilisa da rakiyar ango. Sau da yawa nakan wuce shi an ɗaure a jikin turken lantarki da tsakar rana cikin watan Afrilu, haƙarƙarinsa a waje, bayansa da gyambon sirdi, mai shi kuwa ya kashe dukiya a kan kayan ado na rana ɗaya. Rumfar da za ta raba shi da wannan azaba itace huɗu ce da zana biyu, abin da yaro zai kafa kafin la'asar ya kwance in za a tashi. Haka jakin mai ɗebo yashi, haka ragon da aka ɗaure a ƙofar gida ana jiran layya. Idan kana da ɗaya daga cikinsu, ko maƙwabcinka na da shi, ka auna da ma'aunin Amru ɗan As: dubi jikinka, ka dubi nasa.

Allah Ya ba mu ikon sauke amanar da ke wuyanmu, ta mutane da ta dabbobi. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne, ina neman gafararSa. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum warahmatullah.